Ƙwayoyin 'Yan Dubiya

Tana cikin murza mini ciki sai ta tsaya cak, ta karkata kai wajen ƙofar ɗaki.

"Kulsumi, wa ka kiɗi da rana tsaka haka?"

Na kasa kunne. Ban ji komai ba sai kajin gidanmu da wata mai tallan fura can bakin hanya.

"Babu kiɗi, Inna."

"Akwai. Tun shekaranjiya ba su huta ba." Ta sa yatsa a kunne ta girgiza, ta yi dariya, ta mai da hannu kan cikina. "Ƙyale su. Wanga ɗa naki ɗan gardama na. Shina kwance gicciye, kai nan, ƙahwa nan. Sai lokaci ya yi kusa in juya shi. In na juya shi yanzu, komawa za shi yi."

Inna Hajjo ita ce ungozomar unguwarmu a Birnin Kebbi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya ma, in na yi ɗage ina ganin tsakar gidanta. Bakaba ce, jinin masunta, 'yar Argungu, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta da gidan. Yawancin ungozomomi ba a kiransu sai ɗa ya faɗo, su yanke cibi su ɗora ruwan zafi. Ita kuwa tun ɗa yana ciki take sanin kwanciyarsa, in ya karkace ta lallaɓa shi da tafin hannu har kansa ya dubi ƙasa. Na san abin da rashin hannun nan yake jawowa. Haihuwata ta fari a gidanmu na Ambursa na yi, ɗan bai zo da rai ba. Ta biyu ina nan kusa da ita, amma a lokacin yatsunta sun lanƙwashe sun ƙage, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Tana tsaye a kaina tana gaya wa wata mata inda za ta danna, matar tana danna inda ba nan ba. Shi ma haka aka binne shi. Wannan ciki na uku ne, kuma ni ba ni da wani tunani a duniya sai na hannun Inna Hajjo.

Amosanin gaɓɓai muke ce wa ciwon nata. Ta sha jiƙe-jiƙe, an yi tsaga, an yi ƙaho, duk a banza. Sai shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai Dinatu ta ja ta zuwa asibiti kusan da ƙarfi. Dinatu mutuniyar Kagoro ce, matar Isuwa kafinta, suna haya a ƙarshen layinmu, ita kuma nas ce. Ita ta fassara mana maganar likita, wai jikin Inna ne da kansa yake yaƙar gaɓoɓinta, kamar karen da ya daina gane mutanen gida. Aka ba ta wata 'yar farar ƙwaya, kotizon sunanta, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Kafin wata ya zagayo yatsun nan suka miƙe. Ranar da ta daka gero da kanta, matan unguwa suka cika gidan suna kallo, har da masu guɗa.

Daga nan ne abin ya samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa dubiya hannu rabbana. Da can goro ake kawowa, ko ƙwai, ko saiwar da wani ya ce ta yi wa kakarsa aiki. To yanzu gari ya ga abin da ƙwayar Bature ta yi, sai kowa ya koma likita. Kuma wane gida ne a unguwar nan babu ɗan da Inna Hajjo ta yanke wa cibi? Wannan ta kwanto asfirin daga bakin zane, waccan mijinta direba ya sayo wata ja a Jega, wani ya aiko da wadda aka ba shi ta ciwon baya shi ya warke. Ɗanta Riskuwa, masunci a Argungu, duk zuwan da zai yi sai ya zo da ƙulli daga wurin masu kasa magani a kasuwa. Shi magani a wurinmu ba a mai da shi, ba a ma yi masa godiya kada ya ƙi ci. Karɓa ake yi a sha a gaban wanda ya kawo, don ya ga ba a raina shi ba. Inna kuwa ba ta taɓa iya kunyata kowa ba. Ta afa ta kora da ruwa, saura ta zuba a wani kofi mai tuta a jiki, irin wanda aka raba wa 'yan makaranta ranar bikin 'yanci.

Da fari murna muka yi ta yi. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, mata suna ta tsokanarta wai ko bazawari ta samu. Ta daina barci, muka ce ƙarfi ne ya dawo. Sai kiɗan nan na kunne ya shigo, sai ciwon kai wanda take ɗaure shi da ɗankwali har jijiyar goshinta ta fito. In ka yi mata magana sai ka maimaita. Ta kama surutu, ta ɗauko zance ta sake shi ta kama wani, ita da a da sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Hankalina ya fara tashi, amma duk sanda ta ɗora hannu a cikina na ji ƙarfin yatsun nan, sai in ce wa kaina tsufa ne.

Wata ranar Talata da hantsi na ji hayaniya a waje. Na yafa zane na leƙa zaure. Inna Hajjo ce a tsakiyar hanya, ba mayafi, ba ɗankwali, furfura a waje, tana share ƙasa da tsintsiya iya ƙarfinta. Mutane sun yi cirko-cirko an rasa mai matsawa.

"Ku kauce!" take cewa. "Ruwa na tahowa, ku ba ku gani? Gulbi ya shigo gari. Ku ɗauke ɗiyan nan dag ga ƙasa!"

Na manta da nauyin jikina na fita na kama ta. "Inna, ni ta, Kulsumi. Mu shiga gida."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Numfashinta yana fita da sauri da sauri. Na ja ta har tsakar gidanmu, muna shiga ta sandare, ta faɗi, jikinta ya kama karkarwa, idanu suka juye, kumfa a baki. Na yi ta kwarma har muryata ta dushe. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Aka kira Dinatu, aka aika Argungu. Kafin la'asar Inna ta farfaɗo, tana kwance a ɗakinta ba ta san abin da ya faru ba. Washegari Riskuwa ya iso a motar kasuwa, ya tarar da Dinatu ta juye kofin nan a faifai tana tona ƙwayoyin da tsinke. Fari, ja, rawaya, wasu sun narke sun manne da juna.

"Mama, duk wannan kina sha?" Dinatu ta tambaya da ƙarfi, bakinta kusa da kunnen Inna.

"Wanda anka kawo dai."

"Kullum?"

"In an zaka dubiya."

Dinatu ta dafe kai. Dubiya kuwa ba ta yankewa a gidan nan tun safe har magariba.

Riskuwa ya matso ya nuna wasu da yatsa. "Waɗanga ni nis sawo su. Masu tsada na, ba na banza ba. Kak ki ɗora ma magani laihi. Mu mutanen ruwa na, mun san abin da ka taɓa mutum har shi ga gulbi cikin gari. Gida za ni kai ta a yi mata na gargajiya."

"Malam Riskuwa, ban ce ka sayo na banza ba," in ji Dinatu. "Ai da na banza ne da sauƙi. Dukansu aiki ɗaya suke yi, su kashe zafin gaɓa. Namu na asibiti ma shi kaɗai yakan taɓa kan wasu, ya hana barci, ya sa mutum ganin abin da babu. Asfirin in ya yi yawa shi ke kawo ƙarar kunne da kurumta da wannan numfashin. Ka haɗa su duka a cikin tsohuwa ɗaya. Ba hannu kaɗai suke zuwa ba, har kai suke hawa."

"To a zubar da su duka mana," na ce.

"Na 'yan dubiya duka. Na asibiti ba a yanke shi rana ɗaya, sai a hankali. Zan gaya wa likita yau."

Riskuwa bai yarda ba, amma bai hana ba, don uwar ce ta ɗaga hannu ta ce a bar ta a ɗakinta. Dinatu ta ƙulle ƙwayoyin a tsumma ta tafi da su, har kofin. Likita ya aiko a rage nasa zuwa rabi. Dinatu ta bi gida gida tana roƙon mata su daina kawowa, kowace ta ce to, wasu kuma suka ji haushi wai an ce su suka haukata ta.

Hankalin Inna ya dawo a hankali. Ta fara barci, kiɗan ya yi nisa, ta gane kowa. Yatsun kuma suka fara komawa inda suka fito. Kullum in na shiga gaishe ta, idona kan hannun yake fara sauka kafin fuskarta, kuma ta lura.

Damina ta yi nisa a lokacin, cikina ya shiga watansa. Wata rana da yamma ta ce in kwanta ta duba. Ta kasa buɗe tafin, sai da bayan hannu da tsintsiyar hannu ta bi cikin, tana cije leɓe.

"Yana nan yadda yake?" na tambaya.

"Shina nan." Ta zauna ta ɗora hannayen a cinya tana kallonsu. "Yanzu a lokacin juya shi. Yanzu ɗin ga."

Hawaye kawai nake yi.

"Kulsumi, na tuna ranar da nif fita hanya. Sun ce ban sani ba, amma na tuna. Ina ganin ruwan kamar yadda ni ka ganinki. Na ji tsoro, ɗiyata. Ciwon hannu ciwo na, amma mutum shi rasa kainai, wanga ya hi mutuwa." Ta ɗago ta dube ni. "Ki hwaɗa ma mijinki Maigandi shi kai ki Sakkwato. Can akwai mai yanka ciki shi hidda ɗa."

Dinatu ma abin da ta ce ke nan, don likitanmu ba ya irin wannan aikin. Maigidana Maigandi ya baro shinkafarsa a fadamar Zauro ya shiga neman mota. Sai aka yi ruwan da ya kwana ya wuni, gulbi ya cika ya haura, hanya ta yanke kafin Argungu. Direbobi suka ce sai ruwa ya janye. Kullum Maigandi ya je tasha ya dawo, ba sai na tambaye shi ba, tafiyarsa kawai nake saurare daga zaure.

Ana cikin haka, wata safiya ina wanke-wanke, na ji turmi. Daga bayan katanga yake fitowa, dum, dum, da ƙarfi, ba hutawa. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Na yi ɗage na leƙa. Inna Hajjo ce riƙe da taɓarya da hannu biyu, goshi ɗaure da ɗankwali.

Na zagaya da sauri. "Inna! Mi kinka sha?"

Ba ta ji ba sai da na dafa ta.

"Mi kinka sha, Inna? Wa yab ba ki?"

"Gwaji ni kai," ta ce, tana haki. Ta ajiye taɓarya ta buɗe mini tafukanta, ta rufe, ta buɗe. "Kin gani? Dinatu ta ɗauke kohi, ba ta ɗauke mutanen gari ba. Na ce ma matan unguwa ciwo ya tashi, sunka kawo, shi ke nan."

"Kashe ki za su yi!"

"Kwanta in gani."

"Ba ni kwantawa."

"Kulsumi, na riga na sha. Ko ki kwanta ko kak ki kwanta, na sha."

Na tsaya ina kuka ina jin haushinta, ina jin haushin matan unguwa da kirkinsu, ina jin haushin gulbi. Sannan na kwanta a tabarmarta. Ta daɗe tana lallaɓa cikin, tana magana ƙasa ƙasa da ɗan da ke ciki. Ya motsa ya ɗan karkato, ya tsaya rabin hanya. Ta ce gobe a ƙarasa, ba a yi masa dole.

Na aika aka gaya wa Dinatu. Ta zo ta birkice ɗakin ba ta sami komai ba, ashe ƙwayoyin a ƙullin zanen Inna suke. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, har ta durƙusa.

"Mama, jikinki ba zai ɗauki faɗuwa ta biyu ba."

"Mi tac ce?" Inna ta tambaye ni. Kunnen ya riga ya tafi.

Ba a kai ga goben da ta ce ba sai da naƙuda. Da sassafe ta fara, kafin hantsi na san ba ta wasa ba ce. Maigandi ya ruga ya ɗauko Dinatu. Ta taɓa cikin, na ga fuskarta ta canza.

"Kan bai sauko ba," ta ce. "Ni ban iya juyawa ba, Kulsumi. Ban taɓa yi ba."

Ba wanda ya kira Inna Hajjo. Labule kawai aka ɗaga sai ga ta, zane a karkace, idanu jajur, numfashi kamar wadda ta yi gudu. Ta dube ni ta ce, "Sadatu, ke ta kuma?" Sadatu ƙanwarta ce da ta rasu tun ban zo duniya ba. Dinatu ta tare ta.

"Mama, ba ki da lafiya. Zauna."

Ta ture Dinatu gefe da hannu ɗaya ta durƙusa. Bakinta yana ta zuba, zancen kifi, zancen ruwa ya kawo gwiwa, a ɗauke tabarmi. Amma hannun da ya sauka a cikina bai ruɗe ba. Ta jira ciwon ya lafa, ta tallafo nan, ta tura can, ciwo ya dawo ta tsaya, ya lafa ta ci gaba. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji wani abu ya juya a cikina gaba ɗaya, nauyi ya sauka ƙasa.

"Riƙe nan," ta ce wa Dinatu. "Kak ki saki."

Bayan azahar na haihu, mace. Tana faɗowa ta tsala kuka, irin kukan da ban taɓa ji daga ɗan cikina ba. Dinatu tana dariya tana hawaye. Inna Hajjo kuwa ta ɗauki jaririyar ta kifa ta a hannu tana murza bayanta da sauri, tana hura mata fuska.

"Ba ta yi kuka ba," take cewa. "Wagga ma ba ta yi kuka ba. Tashi, ɗiya. Tashi!"

"Tana kuka, Inna!" na ce da iyakar muryata. "Tana kuka!"

Ba ta ji ni ba, idanunta kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya balle ta ga bakin yarinyar. Sai Dinatu ta kama hannunta ta buɗe tafin, ta ɗora shi a ƙirjin yarinyar ta danne. Inna ta yi tsit. Ta daɗe a haka, ƙirjin yana tashi yana sauka a ƙarƙashin hannunta.

"Awo," ta ce a hankali. "Ga shi nan."

Ta nemi zare, ta ɗaure cibin da kanta, ta yanke. Ta miƙe ta ce za ta ɗora ruwan zafi. A bakin murhunmu ta faɗi.

Wannan karon ba ta farfaɗo ba. Aka ɗauke ta a amalanke zuwa asibiti, likita ya yi abin da zai iya, Riskuwa ya biyo ta gulbi a kwalekwale ya same ta tana numfashi amma ba ta san ya zo ba. Ranar Juma'a da hantsi aka dawo da ita gida a rufe. Ni ina ɗakin jego, ba halin fita. Ta kan katanga na ji zuban ruwan wanka, na ji salatin mata, na ji takun maza sun ɗauka sun fita, har ya ɓace. Gidan ya cika da masu gaisuwa, kowace tana faɗin irin ƙoƙarin da ta yi wa Inna a ciwonta, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Ana gobe suna, da safe, na kwance yarinyar zan shafa mata mai sai na ga cibin ya faɗi a cikin zanen goyo. Ya bushe ya yi baƙi, zaren da Inna ta ɗaure yana nan a jikinsa. Na matsa bakin ƙofa inda haske yake, na sa farce in kwance ƙullin. Na yi ta yi, bai kwantu ba.